SARƘAR BABUR A HANYOYIN GOBIR



Mai yiwuwa wani ya ce ina jami'a ina sarƙar babur. Amma duk wanda ya fito daga Kurawa, ko Gatawa, ko Unguwar Lalle, ko ƙauyukan Isa, ya san babur shi ne jakin wannan zamani. Shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ke ɗaukar mace mai naƙuda zuwa asibitin Sabon Birni, shi ke kai ɗan kasuwa Shinkafi ran Alhamis ko ya tsallaka da shi Maraɗi. Ɗan kabu-kabu kuwa da shi yake ciyar da iyali. Duk ƙarfin da inji ya haifar, ta cikin sarƙa yake bi ya isa tayar baya, saboda haka in ta tsinke tafiya ta ƙare.

A ƙasarmu lalacewar babur a daji ta wuce ɓata lokaci. Mun san halin rashin tsaro da gabashin Sakkwato ya shiga. A watan Satumba na 2021 har an katse layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Sabon Birni da Isa, aka kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Wanda sarƙarsa ta tsinke dab da magariba tsakanin ƙauye da ƙauye, ransa ne ke cikin haɗari. Daɗin daɗawa, bayan cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gyara sun yi tsada ƙwarai.

Bari mu fara da ƙirar sarƙar. Wani injiniya mai suna Hans Renold ne ya fito da irin wadda muke amfani da ita, a birnin Mancesta ta Ingila, a 1880. Kowace gaɓa tana da ƙusar ƙarfe da ke juyawa cikin ɗan bututu, a kan bututun kuma akwai zobe wanda yake zama tsakanin haƙoran farantin gaba da na baya. Galibin ƙananan baburanmu suna amfani da sarƙa mai lamba 420 ko 428, kuma a dukansu tsakanin ƙusa da ƙusa milimita 12.7 ne, watau rabin inci.

Mutane kan ce sarƙa ta miƙe, kamar dai roba ce. Abin da ke faruwa shi ne ƙusa da bututu suna cin juna, sai kowace gaɓa ta sami ɗan sarari, a tara sararin gaɓoɓi fiye da ɗari sai sarƙar ta ƙara tsawo. Da zarar ta yi haka, ba ta ƙara zama daidai cikin haƙora. Sai ta riƙa hawa bisa kansu tana cin su, har su yi tsini su lanƙwashe kamar ƙayar sarƙaƙiya. Daga nan sai tsalle, sai zamewa, sai tsinkewa.

Me ya sa tamu ta fi saurin ci? Rairayi ne. Ƙwayar rairayi ta fi yawancin ƙarfe tauri, in kuwa ta haɗu da mai sai ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Da rani ga ƙurar hunturu da yashin hanya, da damina ga laka da ruwan fadamun gulbin Rima da ke wanke mai su bar tsatsa. Ƙara da lodi: babur da aka ƙera domin mutum biyu, mu kan ɗora masa mutum uku da buhu.

Ga yadda ake gane sarƙar da ta ƙare. A ja ta ta miƙe, a auna daga tsakiyar wata ƙusa zuwa ta 21, watau gaɓa 20. Sabuwa za ta ba da milimita 254. In ta kai wajen 259, ta ƙaru da kashi biyu cikin ɗari ke nan, lokacin canji ya yi. Wanda ba shi da ma'auni sai ya kama sarƙar a bayan farantin baya ya ja ta waje. In ta ɗago har ya hangi rabin haƙori, ta gama aiki.

Game da kulawa, abubuwa huɗu muke roƙo a riƙe. Na farko wanki: da kananzir da tsohon buroshi, a goge ta bushe. Kada a wanke da fetur, domin yana jawo gobara. Na biyu mai: littattafan kamfanoni da yawa suna cewa a sa man giya mai kauri, lamba 80 ko 90, bayan kamar kilomita 500, a hanyar ƙura ko bayan shiga ruwa kuma a fi haka yawaitawa. A ɗiga shi ta cikin sarƙar, a goge rarar, don rarar ce ke kama yashi. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda muka saba shafawa, ya fi babu, sai dai yana ɗauke da garin ƙarfe kuma ba ya daɗewa a jiki.

Na uku ɗauri. A tsakiyar sarƙa ta ƙasa ya kamata ta yi wasa sama da ƙasa kamar milimita 20 zuwa 30, ko abin da littafin babur ɗin ya faɗa. A juya taya a nemo inda ta fi tsauri a auna a nan. Sarƙar da aka ɗaure tamau tana ƙara tsauri in an ɗora kaya, sai ta ci boris ta ci kanta. A kuma tabbata an ja notunan gefe biyu daidai wa daida, don kada taya ta karkace. Na huɗu makulli: rufaffen bakinsa ne zai fuskanci inda sarƙa ke tafiya, in an juya shi yana iya fita a kan hanya.

Akwai wata al'ada da ya kamata a bari, watau yanke gaɓa biyu daga tsohuwar sarƙa don ta koma gajera. Yanka yana rage tsawo, amma sararin da ke cikin sauran gaɓoɓin yana nan. Haka kuma sa sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora asara ce, domin za su cinye ta nan da nan. A canja ukun tare. Araha ba ta ado.

To, shin akwai abin da zai raba mu da wannan wahala? Masu ƙira sun gwada hanyoyi. Tun 1923 kamfanin BMW na Jamus ya fito da babur mai sandar ƙarfe irin farfelar mota maimakon sarƙa. Ba ruwanta da yashi, amma tana da nauyi da tsada, shi ya sa aka fi ganinta a manyan babura. A 1980 kamfanin Harley-Davidson na Amurka ya fito da mai bel ɗin roba mai haƙora. Ba ya son mai, sai dai tsakuwa na huda shi, in ya tsinke kuma babu makanikin bakin hanya da zai haɗa shi. Vespa da malaman makaranta suka yi yayi bayan kuɗin Udoji na 1975 ba ta da sarƙa a waje sam, amma ƙananan tayoyinta ba su jure yashi.

Akwai kuma sarƙa mai zobban roba, wadda ta bazu tun shekarun 1970. Zobban suna kulle giris a cikin kowace gaɓa su hana ƙura shiga, saboda haka tana daɗewa fiye da ta yau da kullum. Ta fi tsada, kuma fetur da buroshin waya suna lalata robar. Ga ɗan kabu-kabu mai doguwar tafiya kullum, ta cancanci a yi lissafinta.

A ganinmu, maganin da ya fi dacewa da Gobir yana jikin babur tun daga kanti, watau murfin da ke rufe sarƙa sama da ƙasa. Honda ta sa shi a Super Cub tun 1958, kuma da shi Boxer da ire-irensa suke zuwa. Abin takaici, da yawa daga cikin samarinmu suna cire shi don ya yi ƙara ko don ado. Noti biyu za a ɗaure ƙarar ta ɗauke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

'Yan'uwa ɗalibai, kusan kowanenmu yana da wa ko ƙane mai babur, kuma da yawa kuɗin makarantarmu daga wannan babur yake fitowa. In mun koma gida hutu, mu karanta musu littafin babur da Hausa, mu nuna musu awon nan na gaɓa 20, mu sa su mayar da murfi, su kuma riƙa tafiya da makulli na ko-ta-kwana da filaya a aljihu.

Allah ya kiyaye matafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir.