Ido Amana Ne: Hawan Jini da Azumin Ramadan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa masu saurare a Guci, da Magarya, da Dungas: Suratul Isra'i, aya ta 36, ta sanar da mu cewa gani yana cikin abubuwan da za a tambaye mu a kansu. Yau za mu yi magana kan wata cuta mai sace shi a ɓoye, wato hawan jini.

A can ƙuryar ido akwai wata shimfiɗa mai karɓar haske, wadda jijiyoyin jini masu sirantar gashi suke ciyarwa. Idan awon jini ya zauna a 140 bisa 90 ko fiye, jijiyoyin nan sukan ƙuntace sannu a hankali, mutum bai ji komai ba. Idan ya kai 180 bisa 120, suna iya tsagewa, jini ya tsiyaya cikin shimfiɗar, jijiyar gani ta kumbura. Yanar ido ana cire ta, gani ya dawo. Amma ganin da hawan jini ya kashe sau da yawa ba ya dawowa.

Saboda haka, wanda ya ji matsanancin ciwon kai tare da hazo-hazo, ko idonsa ɗaya ya rufe farat ɗaya ba tare da zafi ba, ya garzaya asibiti a ranar, kada ya jira buɗe baki, kada ya tsaya sa kwalli. Mace mai ciki ta fi kowa buƙatar gaggawa. Idan aka tura ku babban asibitin Damagaram, ku tafi.

Muna jan kunnen masu ajiye magani domin azumi. A nemi likita ya daidaita lokacin sha tsakanin sahur da buɗe baki. Idan ya ce azumi zai cutar, Suratul Baƙara, aya ta 185, ta yi wa marar lafiya rangwame. Awon jini kuwa ba ya karya azumi.

Ya ku iyaye mata, a sassauta gishiri da kanwa da dunƙule a miyar shan ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali guda.

Da idon nan muke duba Alƙur'ani, da shi muke gane hanyar masallaci daren tarawihi. Allah Ya tsare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya karɓi azuminmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.