Yauƙin Tsirrai da Garkuwar Jikin Dabbobi



Magana a kan maganin itatuwa ba baƙuwa ba ce a birnin Sakkwato, domin kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littafi guda a kan amfanin filasko. Amma ni yau a kan yauƙi zan tsaya, watau irin na kuɓewa da kuka, da kuma ƙaron da ake samu a jikin ɗakwara. Masana suna kiransa folisakarayid, ma'ana doguwar sarƙa ta ƙwayoyin sukari.

Mene ne haɗinsa da kiwo? Mai kiwon kaji ya san cutar Gumboro, wadda aka fara bayaninta a Amurka a 1962. Takan lalata wata 'yar jaka da ke kusa da duburar tsako, jakar da Bruce Glick ya gano a 1956 cewa da ita kaza take gina kariyarta. In jakar nan ta lalace, tsakon zai tashi lafiya ga ido, alhali an yi masa allurar rigakafi ba ta kama ba. Sammore ma yakan yi wa shanu irin wannan ɓarna, haka kuma dafin da ke cikin gyaɗar da ta yi funfuna.

To, ga yadda ake gwajin. Akan ba ɓeraye wani magani mai suna saikulofosfamid, wanda ke karya garkuwar jiki, har saifa ta motse, fararen ƙwayoyin jini su ragu. Sa'an nan a ba wasu daga cikinsu yauƙin tsiro, a bar sauran. A ƙasar Sin an yi wannan sau da dama da saiwar astiragalus, aka ga saifa tana farfaɗowa, ƙwayoyin nan masu haɗiye cuta suna ƙara kuzari.

Sai dai ina jan kunnen ɗalibaina da abu biyu. Ɓera ba akuya ba ne. Jar akuyarmu tana tuƙa, kuma ƙananan halittun da ke cikin tumbinta sukan narkar da sarƙar nan tun ba ta kai hanji ba. Na biyu ya fi damuna: in ba a tsarkake yauƙin sosai ba, dafin bakteriya da ya maƙale a ciki yana iya zaburar da ƙwayoyin jini, mai bincike ya yi ta murna, ya ɗora wa tsiro yabon da ba nasa ba.

Saboda haka kada wani ma'aikacin gona ya fita daga zauren nan ya ce wa makiyayi ya bar allura ya koma ga ƙaro. Abin da nake nema daga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ne a gwada ƙaro da kuka a kan tsakinmu da awakinmu, a auna, a rubuta abin da aka gani, ko da bai yi mana daɗi ba.