TAUYE MUDU A CINIKIN INTANET

 

Ya ku 'yan uwa masu girma, kowa a cikinmu ya san tauye mudu a kasuwar hatsi: a bubbuga gindin kwano ya shige ciki, ko a auna da ƙaramin mudu a karɓi kuɗin babba. Abin da zan yi magana a kai yau shi ne wani mudu da ido ba ya gani, wato saurin intanet ɗin da muke saya a gidajenmu da shagunanmu. Magidanci zai ga talla an ce megabit 20 ko 50 a daƙiƙa, ya sayi na'urar da ake kira rauta, ya biya kuɗin wata cif, amma da magariba ta yi sai ɗansa ya kasa buɗe darasi, ɗan kasuwa ya kasa tura wa abokin cinikinsa hoton kaya. Kuɗi sun fita cikakku, kaya sun zo a tauye.

Da farko sai mu san abin da ake auna mana. Kamfanoni suna talla da megabit, alhali abin da muke saukewa da megabait ake lissafa shi, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Saboda haka wanda aka sayar wa megabit 20, megabait biyu da rabi zai sauke a daƙiƙa, wato gigabait 1 zai ɗauke shi kusan minti 7. In kuwa megabit 4 ne ke isowa gare shi, sai ya haura rabin sa'a yana jira. Wannan tazarar ita ce abin da aka ɗebe daga mudunsa.

To, me ke kawo wannan ragi? Babban dalili shi ne tarayya. Yawancin gidajenmu daga ƙarfen sabis na unguwa suke sha, kuma abin da ƙarfen ke iya bayarwa yana da iyaka, kamar rijiya guda ce da jama'a ke ja. Da tsakar dare mutum zai cika gugansa, amma bayan sallar isha'i, da kowa ya hau, sai a raba abin ya zama kaɗan-kaɗan. Kamfani ya san yawan mutanen da ya ɗora wa ƙarfe guda, mai saye kuwa bai sani ba. Dalili na biyu shi ne sharaɗin da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe: a ce maka data ba iyaka, amma da ka sha wani adadi sai a rage maka sauri har wata ya ƙare. Na uku shi ne 'yan kalmomin nan da ake sa wa a gaban lamba, wato "har zuwa". Mai hatsin da ya ce zai auna maka har zuwa tiya goma ya ba ka uku, ba zai kwana a kasuwa ba. Amma a cinikin intanet an maishe da wannan al'ada.

Kada wani ya ce ai abin ba ya gyaruwa. A Birtaniya, a da ana barin kamfani ya yi tallar saurin da mutum 1 cikin 10 na abokan cinikinsa kaɗai ke samu. A watan Mayu na 2018 hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasar ta sauya ƙa'ida: dole lambar da za a tallata ta zama wadda aƙalla rabin masu saye ke samu a lokacin cunkoso, daga ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. Nan da nan layukan da ake cewa har zuwa megabit 17 suka koma 10 ko 11 a allon talla. Wayoyin ba su canza ba, gaskiya ce kawai aka tilasta faɗa.

A Ostireliya kuwa abin har kotu ya kai. A 2017 kamfanin Telstra ya amince zai biya diyya ga mutum kusan 42,000 da ya sayar wa saurin da layukansu ba za su iya ɗauka ba. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2022 kotun tarayyar ƙasar ta ci kamfanoni uku, Telstra da Optus da TPG, tarar dalar Ostireliya miliyan 33 da rabi, domin sun yi wa jama'a alkawarin za su gwada layukansu su sanar da su in saurin bai cika ba, suka kuma saɓa. Ku duba, jama'a, hukumomin da ba da shari'ar Musulunci suke aiki ba sun gane cewa wannan zamba ce. Ina ga mu da Allah Ya saukar mana da sura sukutum, Suratul Muɗaffifina, da sunan masu tauye awo, Ya kuma ba mu labarin mutanen Madyana da aka halaka bayan Annabi Shu'aibu (AS) ya yi ta yi musu gargaɗi a kan mudu da sikeli?

A nan gida Nijeriya, shirin gwamnati na faɗaɗa intanet na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane da 10 a karkara. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Kamfanoni sun kawo hujjarsu, ta tsadar man dizal da faɗuwar Naira, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma wanda ya ƙara farashi saboda tsada, shi ne ya fi cancanta ya cika mudu. To don me za a ce mai saye ya yi haƙuri da abin da ya samu?

Sai dai, 'yan uwa, adalci ya wajaba a kanmu ko ga wanda muke ƙara. Ba kowane jinkiri ne laifin kamfani ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama, har bankuna suka shiga matsala. Haka nan masu aikin hanya kan tsinke wayoyin da aka binne, ɓarayi kuma kan sace baturan ƙarfen sabis. Wani lokaci ma matsalar a cikin gida take: an ajiye rauta a ƙuryar ɗaki bayan katanga biyu, ko wayoyi goma suna ja a lokaci guda. Wanda ya tuhumi mutum ba tare da bincike ba, shi ma ya yi zalunci.

Saboda haka ina ba mu shawara huɗu. Ta farko, mu auna. Akwai manhajoji na kyauta, irin su Speedtest, da ke nuna saurin da ke isowa. A tsaya kusa da rauta, a cire sauran wayoyi, a gwada da safe da rana da dare har tsawon mako, a rubuta rana da lokaci da abin da aka samu. Ta biyu, kafin a biya a tambayi maƙwabcin da ke amfani da layin, a kuma fara da kuɗin mako kafin na wata. Ta uku, in ragin ya tabbata a kai ƙara ga kamfanin a karɓi lambar ƙorafi, in ba su yi komai ba a kira NCC a lamba 622, kyauta ne. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Ta huɗu, a haɗa kai. Takardar mutum guda a aljihun tebur take kwana, amma ta gida hamsin na unguwa ɗaya, da ranaku da lambobi, ba ta ɓata. Tsintsiya sai da ɗauri take shara.

Yanzu kuma sai in juyo gare mu, domin a cikin wannan zama akwai dillalan rauta da masu sayar da data, da masu shagon intanet da ke sayar wa ɗalibai sa'a-sa'a. Ya ɗan'uwa, in ka san sabis ɗin kamfanin da kake wa dillanci ba ya kai wa unguwar mai saye, ka kuma yi shiru don kada kamasho ya wuce ka, to kai ma ka sa hannu a tauye mudun. In ka ɗora mutum talatin a kan layin da goma zai ɗauka, ka karɓi kuɗin sa'a a hannun yaron da ya zo cike takardar jarrabawa, sa'ar ta ƙare shafi bai buɗe ba, me ka sayar masa? Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a cikin tarin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake, ya kuma yi masa faɗa a kan ɓoye aibin. Lambar da ke jikin kwali ita ce busasshen saman, saurin ƙarfe 9 na dare shi ne jiƙaƙƙen ƙasan. Ka faɗa wa mai saye duka biyun, in ya yarda ya saya, cinikinku ya yi albarka.

Muna kira ga hukuma ta wajabta wa kamfanoni tallata saurin da akasarin jama'a ke samu a lokacin cunkoso, da mayar wa mutum kuɗinsa gwargwadon abin da aka tauye masa. A garuruwan Musulunci na da, aikin muhtasibi ne ya zaga kasuwa yana gwada mudu da sikeli. Mudun ya canza kama, amma haƙƙin yana nan yadda yake.

Allah Ya ba mu ikon cika awo in mun sayar, Ya tsare mana haƙƙinmu in mun saya, Ya sa mu gama da duniya lafiya.