Jawabi A Kan Haƙƙin Dattawan 'Yan Agaji



Ya ku malamai da almajirai na ƙasar Gumel, ku sani akwai bashi a wuyanmu, ni ne kuwa farkon wanda ake bi.

Tun da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna cikin 1962, da Izala a Jos cikin 1978, mun saba ganin samari 'yan agaji suna gyara sahu a filin Idi, suna ɗaukar wanda ya faɗi, suna tsaron ƙofa wurin wa'azi. Muna sa musu albarka. To, wa ya hore su? Dattawa ne, masu iyali, ba su da albashi ko na anini.

Na san wani tela a cikinsu. Ran Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, nan abincin gidansa yake. Sau da yawa ya bar ta, ya raka yara wa'azi Gagarawa ko Sule Tankarkar, kuɗin mota daga aljihunsa. Shi ya koya musu ɗaure rauni da sauko da mutum daga fushi. Ran rufe tafsirin azumi na tashi na yabi yaran ɗaya ɗaya, na manta da shi, yana zaune gabana. Bai ce uffan ba. Bayan salla ya daina zuwa, kafin damina ta faɗi rabin yaran sun watse. Sai da na taka har gidansa na nemi gafara, sa'an nan ya komo.

Wani zai ce, ai don Allah yake yi, me zai yi da yabonmu? Amsa: ikhlasi aikinsa ne, godiya kuwa aikinmu ce, ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisi wanda ya ɗaure godiya ga Allah da godiya ga mutane, malamai kun san shi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Na fari, kowane masallaci ya ambaci dattawansa da sunansu, a yi musu addu'a a bainar jama'a, ba da kirarin maroƙa ba. Na biyu, kuɗin mota da na bandeji su fito daga asusun jama'a. Na uku, ku samari, in shuka ko girbi ya zo, ku yi gayya a gonar wanda ya hore ku, gama godiyar baki kaɗai ba ta cika rumbu.

Allah Ya saka musu da alheri, Ya gafarta mini mantuwata.