Idon Matuƙi a Hancin Ƙaramin Jirgi: Lacca ga Masu Farawa



Abin da aka umarce ni in yi bayani a kansa shi ne wani fanni na tuƙa ƙananan jiragen sama da rimot, wanda ma'abotansa ke kira FPV, inda matuƙi yakan sanya tabarau a fuskarsa, ya riƙa ganin abin da kyamarar da ke hancin jirgin take gani, har ya ji kamar shi ne a ciki, alhali kuwa ƙafafunsa ba su rabu da ƙasa ba. Da yake na lura matasanmu da yawa sun kamu da sha'awar abin, kuma galibinsu da tambayar kuɗin tabarau suke farawa, ya wajaba in faɗa tun yanzu cewa tabarau shi ne ƙarshen al'amarin, wanda kuwa ya fara daga ƙarshe zai yi hasarar dukiya kafin ya sami ilimi.

Malaman hadisi sun koyar da mu cewa labari ba ya inganta sai isnadinsa ya inganta, kuma rauni a mai riwaya guda ya isa ya raunana silsilar baki ɗaya. To, haka hoton nan yake. Kyamara ce ke ɗaukarsa, ta miƙa wa na'urar watsawa, ita kuma ta miƙa wa eriya, eriya ta sake shi cikin iska, galibi a kan zangon gigahaz 5.8, sannan eriyar ƙasa ta karɓa ta kai wa risiba, daga nan ya iso ga ido. Umarnin hannun matuƙi kuwa wata hanya dabam yake bi, yawanci gigahaz 2.4, domin kada saƙonnin biyu su cakuɗe.

A cikin wannan silsila babu wanda ake rainawa kamar eriya, saboda ƙanƙantarta da arahar kuɗinta, kuma babu wanda ya kai ta jawo nadama. Duk wanda ya haɗa batir alhali bai ɗaura wa na'urar watsawa eriya ba, ƙarfin da ya kamata ya fita zai komo mata ciki, ta yi zafi, wataƙila ta ƙone tun jirgi bai bar ƙasa ba. Eriyoyin da aka fi amfani da su kuma murɗa saƙo suke yi, wasu dama wasu hagu, ana rubuta RHCP ko LHCP a jikinsu, kuma lalle ne ta sama da ta ƙasa su dace. In sun saɓa, hoto zai dusashe tun jirgi bai yi nisa ba, mai shi ya yi ta zargin kyamarar da ba ta yi laifin komai ba. Sa'an nan ku sani wannan zango ba ya ratsa katanga da kyau, kuma ganyen itace mai ruwa yana shanye shi, don haka jirgin da ya kewaya bayan darbejiya mai duhu yana iya ɓace wa mai shi nan take. Ƙara ƙarfin watsawa daga miliwat 25 zuwa 600 ba ya kawar da itaciyar.

Game da zaɓi tsakanin analog da dijital wajen watsa hoton, ra'ayina a fili yake. Tun da kamfanin DJI ya fitar da tsarinsa na dijital a 2019, hoto ya yi kyan da ba a saba gani ba, ba na musun haka. Amma mai koyo faɗuwa zai yi, sau da yawa kuwa, kayan analog kuma sun fi sauƙin mayarwa. Bugu da ƙari, idan saƙon analog ya fara rauni, ɗige-ɗige ne ke bayyana sannu a hankali, mutum yana gani dishi-dishi, ya sami damar juyowa.

Akwai kuma abin da yanayin ƙasarmu ya ɗora mana. Batirin LiPo da jirgin ke aiki da shi, kowane ɗaki nasa bolt 4.2 yake kaiwa idan ya cika, kuma ya kamata matuƙi ya nemi sauka da zarar adadin da ke rubuce a gefen hotonsa ya doshi 3.5, barin batirin cikin mota a rufe da zafin bazara kuwa neman gobara ne, batirin da ya kumbura kuma an gama da shi. Ita ma na'urar watsawa iskar tafiya ce ke sanyaya ta, saboda haka kada a bar ta a kunne a kan rairayi da tsakar rana ana ta hira.

Kafin duk wannan, a sayi rimot shi kaɗai, a haɗa shi da kwamfuta, a yi ta bita a manhajar kwaikwayo irin su Liftoff ko VelociDrone, har yatsu su san aikinsu ba tare da shawartar zuciya ba, domin tadriji shi ne ladabin kowane ilimi.

Saura maganar haƙƙi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ta shelanta cewa ba a tayar da jirgi marar matuƙi a sararin Nijeriya sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma kusantar filin jirgi ko barikin soja ganganci ne. Bayan doka akwai shari'a, wadda ta hana tajassusi: gidajenmu tsakar gida gare su a buɗe, iyali suna sha'aninsu ba lulluɓi, kyamarar da ta ratsa ta samansu kuwa ta keta hurumin da zaure da katanga suka tsare. A nemi fili a bayan gari, kada a haura mita 120 a sama, kuma a tafi da abokin da zai tsaya a gefe yana bin jirgin da idonsa, domin mai tabarau gabansa kawai yake gani, ba ya ganin wayar lantarki da ke gefensa, balle yaron da ya sheƙo da gudu cikin fili don ya yi kallo.