Ƙuri'a Ta Samu, Gona Ba Ta Dawo Ba



Da an ambaci mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne allon nan da ake kafawa a tashar jirgin ƙasa ko a bakin teku, mai cewa wurin na fararen fata ne kaɗai. Wulaƙanci ne, ba musu. Sai dai hujjar da nake so in kafa a wannan zama ita ce, allon reshe ne kawai, saiwar kuwa ita ce ƙwace ƙasa da neman lebura mai arha. Wanda ya gane wannan ba zai yi mamakin yadda aka haura shekara talatin da zaɓen 1994, amma har yau launin fatar jariri ke nuna, galibi, unguwar da zai tashi da makarantar da zai shiga ba.

Jam'iyyar National ta hau mulki a 1948, kuma daga nan ake fara lissafin mulkin wariya. Amma an aza tubalin tun 1913, lokacin da dokar filaye ta keɓe wa baƙar fata kimanin kashi 7 cikin ɗari na ƙasar kakanninsu, aka ƙara zuwa kashi 13 a 1936. Dalilin a fili yake. Ramukan zinariya na yankin Johannesburg da manyan gonakin Turawa suna bukatar hannuwa, shi kuwa mai gona da garke ba ya yarda ya shiga rami don ladan da bai taka kara ya karya ba. Sai an raba shi da gonar tukuna. Duk dokokin da suka biyo baya wannan buƙata suka yi wa hidima. Takardar izinin zirga-zirga ta sa baƙar fata ba ya kwana a birni sai in akwai Baturen da yake yi wa aiki. Dokar ilimin Bantu ta 1953, wadda minista Hendrik Verwoerd ya jagoranta, ta ware wa yaran baƙar fata karatun da bai wuce na shirya su ga aikin ƙarfi ba. Daga 1960 zuwa 1983 an tayar da mutane kimanin miliyan uku da rabi daga matsugunansu; a unguwar District Six ta birnin Cape Town kaɗai an kori fiye da mutum 60,000, aka bi gidajensu da katafila.

Su ma waɗanda suka yi gwagwarmayar sun san inda gizo ke saƙar. Mutum 69 da 'yan sanda suka harbe a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960 sun fito ne don ƙin takardar izinin zirga-zirga. Ɗaliban Soweto na ranar 16 ga Yuni 1976 sun fito ne kan makaranta, bayan an tilasta musu karatu da harshen Afrikaans. An biya farashi da rayuka: Imam Abdullah Haron na Cape Town ya rasu a hannun 'yan sanda a 1969 bayan kwana 123 a tsare, Steve Biko ya bi shi a 1977, Nelson Mandela ya share shekara 27 a kurkuku. Nijeriya ba ta yi zaman 'yan kallo ba. A Legas aka yi babban taron duniya na yaƙi da wariya a 1977, kuma marigayi Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, yana cikin 'yan Nijeriyar da suka shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan batun. Abin lura kuma shi ne, gwamnatin wariya ta Pretoria ta jure la'antar duniya shekara da shekaru, amma ta girgiza a 1985 da bankin Chase Manhattan da wasu bankuna suka ƙi sabunta mata bashi. Tsarin da aka gina don riba, aljihunsa ne makasarsa.

To me aka samu a teburin sulhu? An samu abu babba: ranar 27 ga Afrilu 1994 kowa ya jefa ƙuri'a, jam'iyyar ANC ta Mandela ta ci fiye da kashi 62, sai tsarin mulkin 1996 da ya haramta wariya. Amma sashe na 25 na wannan kundi ya kare dukiyar da ke hannun kowa, ita kuwa hukumar gaskiya da sasantawa ta Desmond Tutu ta binciki kisa da azabtarwa, ba ta da hurumin mayar wa kowa gonarsa. Gwamnati ta yi alkawarin mayar da kashi 30 na filayen noma cikin shekara biyar, ba ta ko kusanci hakan ba. Binciken filaye da ita kanta ta yi a 2017 ya nuna fararen fata, waɗanda ba su kai kashi 10 na jama'a ba, su ke riƙe da kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane, baƙar fata kuwa kashi 4. An kashe maciji, ba a sare kansa ba.

Nan ne wasu matasa ke cewa Mandela ya sayar da mutanensa. Ban yarda da wannan ba. Wanda ya ci yaƙi shi ke gindaya sharaɗi, ita kuwa ANC ba ta ci sojojin Pretoria da yaƙi ba. Rundunar tana nan da makamanta, Tarayyar Sobiyet da ke ba ANC makamai ta rushe, dubban mutane na mutuwa a rikicin Natal da unguwannin Johannesburg, kuma kisan jagoran gwagwarmaya Chris Hani a Afrilun 1993 ya kusa jefa ƙasar cikin yaƙin basasa. Abin da hannu zai iya kaiwa a lokacin shi aka ɗauko. Kuskuren na waɗanda suka biyo baya ne, da suka ɗauki zango a matsayin masauki.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Masu ita na cewa shekara talatin ta isa a daina ɗora wa matattu laifi, domin ANC ce ta lalata ƙasar. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hukumar mai shari'a Raymond Zondo ta tona yadda aka wawure kamfanonin gwamnati zamanin shugaba Jacob Zuma. 'Yan sandan gwamnatin baƙar fata ne suka harbe masu haƙar ma'adinai 34 a Marikana a 2012. Hare-haren da aka kai wa baƙi 'yan Afirka, irin na 2008 da ya ci rai 62 da na 2019 da ya sa aka kwaso ɗaruruwan 'yan Nijeriya gida, abin kunya ne da ba shi da uzuri. Masu zaɓe ma sun hukunta jam'iyyar ANC a 2024, ta sauko zuwa kashi 40. Amma sata tana bayyana dalilin da ya sa gyara ya yi jinkiri, ba ta bayyana asalin ɓarnar. Ba Zuma ne ya ajiye unguwar Khayelitsha nesa da tsakiyar Cape Town, har ma'aikaci ke ƙarar da wani kaso mai tsoka na albashinsa a kuɗin mota ba. Dukiya gado ce: wanda aka hana kakansa mallakar gida ba shi da takardar fili da zai kai banki jingina, ko da kuwa waliyyi ke mulki.

Saboda haka hukuncina shi ne, an ci nasarar daidaita mutane a gaban doka da akwatin zaɓe, ba a daidaita su a gona da makaranta da jari ba. Ina kira ga ɗalibanmu na tarihi da shari'a da ke wannan zaure, in za su yi bincike kan Afirka ta Kudu, su fara daga dokar filaye ta 1913 kafin su zo kan 1948.