LACCA A DAMAGA: BAM ƊIN ATOM DA ƘURAR HUNTURU

Ga laccar da aka karanta da sunan jam'iyyarmu a taron Damaga, inda jama'ar Talata Mafara da Bakura da Maradun suka hallara. Mun buga ta yadda take domin waɗanda ba su sami zuwa ba.

Assalamu alaikum. Malamai da dattawa, iyayenmu mata, manoma da masunta da samari, muna gode muku da kuka bar ayyukanku kuka zo, ga shi kuwa kowa ya san yadda hanya take a zamanin nan. Allah ya mayar da kowa gida lafiya.

Maganarmu ta yau a kan bam ɗin atom take, wanda kuke ji a rediyo ana ce masa makamin nukiliya ko makamin ƙare-dangi, da kuma yadda ƙasashe suke kai gwauro su kai mari domin su hana wata ƙasa mallakarsa. Mun sani wani zai ce, mu da 'yan bindiga suka hana noma, ina ruwanmu da rigimar manyan ƙasashe? Tambaya ce mai kyau. To, ku yi haƙuri ku ji, za ku ga ashe iskar da muke shaƙa da ƙasar da muke takawa duk suna cikin maganar.

MENE NE BAM ƊIN ATOM?

Akwai wani ma'adini da ake haƙowa, sunansa yuraniyam. Irin da yake kama wuta a cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda haka sai an tace shi, kamar yadda mata suke tankaɗen gari. In aka tace ya kai kashi 3 zuwa 5, sai ya ba da wutar lantarki. In kuwa aka ci gaba har kashi 90, ya zama abin yin bam. Injin da yake tacewar farko shi ne yake ta biyun. Watau maƙerar da take fid da fartanya ita ce take fid da takobi, kuma daga nan dukan gardamar ta taso, domin sai an shiga maƙera ake sanin abin da maƙeri yake ƙerawa.

Ran 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa guda ɗaya a birnin Hiroshima na Japan, kafin ƙarshen shekarar mutum wajen 140,000 sun mutu. Bayan wuta da rugugi kuma akwai ƙura mai guba, ba a ganinta, ba a jin warinta, sai ta shiga ruwa da ciyawa da nono. Mu mutanen Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙasashen Anka da Bukkuyum, iyaye suna kallo ba su san abin da yake cin 'ya'yansu ba. Ƙurar atom ta wannan dangin ce, sai dai iska tana kai ta nesa ƙwarai.

YADDA AKA YI DA FARANSA

Cikin 1959 labari ya bazu cewa Janar Digol na Faransa zai gwada bam a Raggan, cikin hamadar Aljeriya, wadda a lokacin take hannun Faransawa. Tsakanin Raggan da inda muke zaunen nan kimanin mil 1,000 ne, kuma kowane yaro ya san daga hamada hunturu yake busowa. Hankalin mutanen Afirka ta Yamma ya tashi. Nijeriya ba ta sami mulkin kai ba tukuna, saboda haka Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tafi Landan ya kai kuka wurin Gwamnatin Ingila. Maroko ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, ran 20 ga Nuwamba 1959 majalisar ta roƙi Faransa ta fasa. Wasu masu zanga-zanga kuma, baƙaƙe da Turawa, suka tashi daga Akara cikin Disamba da niyyar su je su zauna a filin gwajin, Faransawa suka tare su a ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu.

Duk wannan bai hana ba. Ran 13 ga Fabrairu 1960, ana cikin hunturu, Faransa ta fasa bam wanda ya ninka na Hiroshima wajen sau 4. Kwame Nkrumah na Gana ya riƙe dukiyar kamfanonin Faransa da take ƙasarsa. Faransa ta sake a watan Afrilu, ta kuma sake ran 27 ga Disamba. Ran 5 ga Janairu 1961, Nijeriya tana da wata 3 da samun mulkin kai, Gwamnatin Ikko ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, ta hana jiragen Faransa na ruwa da na sama sauka a ƙasarmu. Mu 'yan hamayya ne, amma ba ma ƙin gaskiya: wannan aikin mazaje ne, kuma jama'a sun goyi bayansa.

To, amma ku dubi abin da ya biyo baya. Bayan 'yan watanni aka janye hanin jiragen, domin maƙwabtanmu irin su Nijar da Cadi, waɗanda kayansu ta tashoshinmu suke bi, su ne suka fi jin jiki. Jakadanci ya yanke kusan shekara 5, Faransa kuwa ba ta daina gwaji a hamadar ba sai 1966, bayan ta yi gwaji 17, guda 4 a sarari, 13 a ƙarƙashin dutsen In Ikkar. A 2014 wata jaridar Faris ta buga taswirar sojan Faransa da aka daɗe ana ɓoyewa, wadda ta nuna ƙurar bam na farko ta kai har Bamako da Injamena da Abijan. Ashe tsoron kakanninmu ba na jahilci ba ne.

Darasi na farko ke nan. Ƙasa ɗaya, komai zafin zuciyarta, ba ta iya tsayar da babbar ƙasa ita kaɗai.

ABIN DA HAƊIN KAI YA SAMO

Duk da haka kukan bai tafi a banza ba. A 1964 shugabannin Afirka suka taru a Alƙahira suka ce ba sa son makamin atom a nahiyar nan. Maganar ta daɗe ba ta cika ba, saboda Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu tana ƙera nata a ɓoye, har ta gama guda 6. Nijeriya ta yi shekaru da yawa tana shugabancin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariya, aka yi ta matsa wa ƙasar ta fuskar ciniki da makamai da wasanni. Da mulkin wariya ya zo gargara, sai suka kwance bamabaman da hannunsu, suka buɗe wa masu bincike ƙofa, Shugaba de Klerk ya faɗa wa duniya a watan Maris 1993. Sa'an nan aka sa hannu a Yarjejeniyar Pelindaba a 1996, ta fara aiki a 2009, wadda ta haramta ƙerawa da gwadawa da ajiye makamin atom a Afirka.

Darasi na biyu: matsi yana aiki in ƙasashe da yawa sun yi shi tare, suka kuma jure, har aka kau da abin da ya sa ƙasar take neman makamin.

MAI DOKAR BARCI YA ƁUGE DA GYANGYAƊI

A 1968 aka yi babbar yarjejeniya ta hana yaɗuwar makamin atom, Nijeriya tana cikin na farko da suka amince. Ciniki ne aka ƙulla. Ƙasashe 5 da suka riga suka yi, watau Amurka da Rasha da Ingila da Faransa da Sin, za su nemi hanyar rage nasu har su rabu da shi. Sauranmu ba za mu ƙera ba, za mu bar masu binciken hukumar atom ta duniya da take Biyana su duba, a kuma taimake mu da ilmin atom na zaman lafiya. Mu mun cika namu alkawari. Su fa? Lissafin 2025 ya nuna bamabamai wajen 12,000 ne a duniya, mafi yawa a hannun Amurka da Rasha. Indiya ta gwada a 1974, Pakistan a 1998, Koriya ta Arewa a 2006, Isra'ila kuwa kowa ya san tana da shi ko da yake ba ta taɓa amsawa ba. Wanda yake riƙe da kulki yana yi wa wani wa'azin ajiye sanda, yaya za a saurare shi?

Ku dubi kuma yadda aka yi da sunan 'yan'uwanmu na Nijar. Tun daga 1971 kamfanin Faransa ya yi shekaru yana haƙar yuraniyam a Arlit, ana haska biranen Turai, alhali yawancin ƙauyukan Nijar suna cikin duhu. A farkon 2003 Shugaban Amurka George Bush ya ce Iraƙi ta nemi yuraniyam a Afirka, takardun da aka nuna kuwa da sunan Nijar suke. Cikin Maris na shekarar, shugaban hukumar atom, Muhammad El-Baradei, ya gaya wa Kwamitin Sulhu cewa takardun na jabu ne. Ba a yi mako 2 ba aka auka wa Iraƙi da yaƙi, aka yi ta nema ba a sami bam ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane masu ɗimbin yawa sun halaka.

Libiya ta ajiye shirinta a Disamba 2003 bisa shawara. A 2011 jiragen Turawa suka taimaka aka rushe gwamnatinta, rumbunan makamanta suka watse cikin Sahel, kuma ba sai mun gaya wa mutumin Maradun abin da yawan bindiga a daji yake jawowa ba. Koriya ta Arewa ta duba ta ce ga sakamakon wanda ya ajiye. Iran kuma a Yuli 2015 ta yarda ta tsaya a kashi 3.67, ta bar masu bincike su shiga, a sassauta mata takunkumi. Masu binciken suka yi ta shaida tana cikawa, amma a Mayu 2018 Shugaba Trump ya fid da Amurka daga yarjejeniyar. A 2021 Iran ta fara tacewa har kashi 60, a Yuni 2025 kuma Isra'ila da Amurka suka jefa wa masana'antunta bamabamai.

Darasi na uku: in babba ya saɓa alkawari, ya koya wa ƙarami cewa takarda ba ta tsare gida.

MISALIN ZARIYA

Kada ku ce duk duhu ne. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai wata 'yar tukunyar atom, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004. Malamai suna gwada ƙasar noma da duwatsu da ita, suna koyar da ɗalibai. Man da aka zuba mata da farko, kimanin kilo 1, tataccen yuraniyam ne na wajen kashi 90, irin wanda ake gudun ya faɗa hannun miyagu. Aka zauna aka yi shawara da Amurka da Sin da hukumar atom, a 2018 aka sauya shi da mai rauni wanda ba ya yin bam, aka mayar da tsohon ƙasar Sin cikin Disamba. Ba a harba harsashi ba, ba a ci mutuncin kowa ba, tukunyar kuwa ta koma aikinta. Haka sulhu yake in an yi shi da gaskiya. Bayan haka, ran 6 ga Agusta 2020, Nijeriya ta amince da sabuwar yarjejeniyar da ta haramta makamin atom ɗungum, ga babba da ƙarami.

ABIN DA MUKE NEMA

Ya ku jama'a, ku ne kuka fi kowa sanin abin da yake faruwa in manya suka ƙulla a ofis ba a shawarci talaka ba. Da aka gina madatsar Bakolori, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gama a 1978, an karɓi gonaki, ruwa ya ci garuruwa, da manoma suka nemi haƙƙinsu kuma sai aka aiko musu da 'yan sanda da bindigogi a watan Afrilu 1980. Akwai dattawa a nan da suka gani da idonsu. Makiyayan Raggan ma ba wanda ya tambaye su. Saboda haka ga abin da jam'iyyarmu take nema.

Na ɗaya, Gwamnati ta haɗa baki da Aljeriya da sauran ƙasashen Afirka a matsa wa Faransa ta fito da dukan takardun gwajin hamada, ta nuna inda ta binne tarkacen, ta kwashe, ta biya waɗanda suka cutu.

Na biyu, wakilanmu a Majalisar Ɗinkin Duniya su tsaya a kan doka ɗaya ga kowa. Wanda ba shi da bam kada ya ƙera, wanda yake da shi ya kwance, kuma kada Nijeriya ta goyi bayan yaƙi a kan zargin da masu bincike ba su tabbatar ba.

Na uku, yarjejeniyar da aka sa wa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017 kan gina tashar lantarki ta atom, da duk wata irinta, a shimfiɗa su gaban Majalisar Tarayya, a fassara su da Hausa da sauran harsunanmu, a ji ta bakin mutanen da za a gina a ƙasarsu tun kafin a kafa turke. Mu ba ma ƙin ilmi, ba ma ƙin lantarki. Ɓoye-ɓoye muke ƙi.

Na huɗu, hukumar da ta kasa tsare manomi a gonarsa ta fara nuna mana ta iya wannan, kafin ta ce za ta tsare tukunyar atom.

In kun koma gida ku gaya wa waɗanda ba su zo ba. In mai neman ƙuri'a ya zo muku, ku tambaye shi ina ya tsaya a kan abubuwan nan 4, kada ku bari ya sallame ku da atamfa da sabulu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wasalam.